Man Haƙoran Mama Dinatu

A duk cocin da suke zuwa a Sabon Gari, babu wanda ya san haƙoran Mama Dinatu ba nata ba ne. Nata sun zube tun shekarar da motar da ta kwaso matan Zumunta daga wani taro a kudancin Kaduna ta kife da su a hanya. Ta yi jinyarta a Kaduna wurin ƙanwarta, ta dawo Zariya da baki cike da haƙora farare tas, har da 'yar wushiryar da aka san ta da ita tun tana budurwa, domin sai da ta tsare mai haɗa haƙoran ta ce ko ya bar mata ratar nan a tsakiya ko ya riƙe kayansa. Mata suka yi ta ɗaga hannu suna cewa Ubangiji ya yi abin al'ajabi, mota ta kife amma ko gefen haƙori bai gutsure ba. Mama Dinatu ba ta gyara musu zancen ba. 'Ya'yanta uku sun sani, amma ko a cikinsu autarta Rhoda kaɗai ta taɓa ganin bakin babu komai a ciki.

Ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata, ita ce kuma mai kaɗa tulu. Idan ta zauna a gaba ta sa tulun tsakanin cinyoyinta, ta bugi bakinsa da tafin hannu ta ɗaga murya, har masu sayar da doya a bakin titi sukan san an fara.

Da shekaru suka ja, dasashinta ya janye, haƙoran suka soma rawa a baki. Abin da ya kamata shi ne a sake auna ta a yi mata sababbi, amma 'yar wata ƙawarta ta Zumunta ce ke aiki a wurin likitan haƙori, ita kuwa ta ce ba a haifi wanda zai kai ta can ta wangame baki ba. Babban ɗanta Brian, da ke zaune a Amurka, shi ya kawo mafita. Ya rinƙa aiko mata da wani man liƙe haƙoran roba, ruwan hoda mai ƙamshin na'ana'a, kwali-kwali, ta hannun duk mai zuwa gida. A jikinsa an rubuta a ɗiga kaɗan. Mama Dinatu kuwa lafta shi take yi kamar mai yaɓen ɗaki, da safe, da rana, da kuma kafin koyon waƙa. Wanda ya tsattsafo ta gefe sai ta haɗiye, don babu inda mutum zai tofar da yawu a cikin coci, kuma a tarbiyyarta abin da ɗa ya aiko daga ƙasar waje ba a zubar da shi.

Ta ƙafa ciwon ya fara. Ta ce ji take kamar a kan auduga take tafiya. Silifa ya rinƙa sulluɓe mata a hanya ba ta sani ba, sai wani ya biyo ta da shi. Ran nan ta taka garwashi a madafa, ƙaurin ne ya sanar da ita. An yi addu'o'i, an shafa man zaitun, an sha maganin sanyi, an sha na hawan jini. Daga dogara sanda aka koma bin bango, daga bin bango aka koma keken guragun da coci ta ara mata.

A lokacin Rhoda tana shekarar ƙarshe a jami'a a Samaru, tana karatun harhaɗa magunguna. Doguwa ce, ba ta iya sunkuyar da kai ba, ba ta kuma iya yin shiru ba idan an faɗi abin da ba haka yake ba. Shi ya sa yayanta Sebastian, mai rumfar gyaran waya a kasuwa, yake kiranta Farfesa, kuma ba don yabo ba. Ta bar ɗakinta na makaranta ta dawo gida. Kullum da safe ta yi wa uwar wanka, ta ɗora ta a kan fo, ta wanke haƙoran ta shafa musu mai ta sa mata, sannan ta bi bas zuwa Samaru, da yamma ta dawo ta tarar da abin da ke jiranta. Sebastian da matarsa suna ɗakin da ke kallon nasu, amma shi ya ce wannan aikin mata ne, matar kuma ta ce ita suruka ce, akwai kunya.

Wata matashiyar likita a asibitin koyarwa, Dakta Naila, ita ta gano bakin zaren. Bayan an gaji da ɗibar jini da ɗaukar hoto, ta sa aka rufe ƙofa, ta tambayi Mama Dinatu cikin ladabi ko akwai abin da take sawa a baki kullum. Mama ta ce abinci. Rhoda ta buɗe jaka ta fito da man ta ajiye a kan tebur, uwar ta bi ta da harara. Likitar ta yi bayani cewa a cikinsa akwai wani sinadari da ake kira zink, wanda idan ya yi yawa a jiki yakan kore wani sinadarin, jan ƙarfe, da jijiyoyi ke rayuwa da shi. Mama Dinatu ta ce ita ba wayar lantarki ba ce da za a nemi jan ƙarfe a jikinta. Likitar ta murmusa, sannan ta kama yatsun Maman tana latsa su ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya ko tana ji. Wasu tana ji, wasu sama-sama.

"Mama, ba zan ɓoye miki ba," in ji Dakta Naila. "Ƙafafun nan ba na sa ran za su dawo. Amma hannuwan har yanzu naki ne. Ki bar man nan yau, ki sha ƙwayoyin da zan rubuta miki, in Allah ya yarda ciwon zai tsaya inda ya tsaya. In kin ci gaba, zai hau."

A ranar Rhoda ta buga wa Brian waya ta ce ya daina aikowa. Ya yi kuka, ya ce shi taimako ya yi niyya. Da ya sake kira kuwa, wayar Sebastian ya kira. Ya ce a can lauyoyi suna ta fitowa a talabijin suna neman waɗanda irin wannan mai ya nakasa, ana maka kamfanoni a kotu, kuma tun da shi ya saya a can, yana ganin za a iya sa sunan Mama. Kafin mako ya zagayo Sebastian ya shigo gidan da Barista Amaechi.

Haifaffen Sabon Gari ne Barista Amaechi, Hausarsa ba gargada, ofishinsa yana saman wani shagon taya. Komai zafin gari da kwat yake yawo. Ya zauna a falo ya durƙusa da baki ya gai da Mama, ya sha lemon da aka kawo masa, ya ce ya riga ya yi magana da lauyoyin can, za su turo mutuminsu daga Legas ya ɗebi jini da hannunsa. Sannan ya gyara zama ya zo kan abin da ya kawo shi.

"Mamana, shaidarmu tana cikin jininki. In kika bar man nan kika hau shan ƙwayoyi, kafin mutuminsu ya iso jinin ya wanke, sai su ce tsufa ne ya kama ki. Ki ɗan daure. Ba zai jima ba."

Rhoda ta ce ai asibiti ya riga ya auna, sakamakon yana nan. Barista ya ce Turawa ba sa yarda da awon nan gida. Ta ce in shaida yake so haka, ga man nan, ya shafa a burodi ya rinƙa ci da kansa. Sebastian ya daka mata tsawa ya ce ana maganar manya, Farfesa ta koma aji. Ya juya wurin uwar ya sassauta murya. Ya ce a Amurka akwai asibitin da ake haɗa jijiya kamar yadda shi yake haɗa wayar da ta tsinke a cikin salula, in aka ci shari'ar nan can za a kai ta, ta dawo da ƙafafunta ta shiga coci tana taku. Rhoda ta ce ƙarya ne, babu wannan asibitin a ko'ina a duniya, kuma shi ma ya sani.

Mama Dinatu ta daɗe tana kallon ƙafafunta da ke kan matakin keken, sun kumbura, sun yi fari kamar ba a shafa musu mai ba.

"Ke Rhoda, ƙafafun nan naki ne ko nawa?"

"Naki ne, Mama. Hannuwan ma naki ne."

"To ki bar ni da kayana. Likitarki yarinya ce, ba Allah ba ce. Masu man nan sun cinye mini ƙafa, sai in tashi haka nan in ce na gode?"

Sebastian ya kwashe ƙwayoyin ya kulle a ɗakinsa. Ya kawo buhu ya rataye a bayan ƙofa, ya ce duk kwanson man da ya ƙare a jefa a ciki, shi ma shaida ne, kuma zai rinƙa dubawa.

Wata Asabar Barista ya zo da mai ɗaukar bidiyon biki, ya ce lauyoyin can suna so su gani da idonsu. Aka juye kwansunan man a cinyar Mama Dinatu. Aka ce ta cire haƙoran ta buɗe baki. Ta ce a rufe taga. Aka rufe, mai bidiyo ya ce duhu ya yi yawa, aka sake buɗewa. Ta sa yatsu ta zare su, fuskarta ta lotsa, ta koma wata tsohuwa da ko maƙwabta ba za su shaida ba. Aka ce ta ƙara buɗewa, ta juya hagu, ta juya dama. Daga nan Barista ya ce saura tafiya. Sebastian ya sa hannu a hammatarta ya miƙar da ita tsaye, ya ce ta tako, ya sake ta. Ta yi taku guda ta zube a kan siminti kamar buhun da aka yasar daga mota.

Mai bidiyo ya duba na'urarsa ya ce kujera ta tare, bai samu faɗuwar ba, a sake a bakin ƙofa inda haske yake. Rhoda ta sha gaban uwarta ta ce wallahi babu mai sake taɓa ta. Sebastian ya fizge ta ya wurga ta jikin bango. Daga ƙasa Mama Dinatu ta ɗago kai ta ce da Rhoda ta matsa, maganar tana fita a cakuɗe don babu haƙoran da za su riƙe ta. A faɗuwa ta biyu fitsari ya ƙwace mata, ya bi siminti har ƙafar Barista. Ya ɗage takalminsa, ya ce da mai bidiyo kada ya yanke wannan wurin, shi ne ma ya fi. Da suka fita Rhoda ta ɗora uwar a keke, ta wanke ta, ta goge ɗakin. 

Ranar Litinin Rhoda ba ta shiga aji ba. Ta koma wurin Dakta Naila ta karɓo wasu ƙwayoyin. Ta biya ta kasuwar Samaru wurin 'yan koli ta sayi ƙaro mai kyau, fari, irin wanda ake sa wa tawada. Ta daka shi ta tankaɗe, ta kai ɗakin gwaji na sashensu ta kwaɓa da ɗan man na'ana'a da launin da masu yin kek suke sawa, ta yi ta gwadawa a tafin hannunta har ya yi kama da na Amurka. Ta zuba a wata 'yar kwalba ta ɓoye a cikin jakar littattafanta.

Daga ranar, kullum da safe idan ta shiga banɗaki wanke haƙoran, sai ta matse man gaske a cikin masai, ta shafa nata, ta jefa kwanson a buhun Sebastian. Ƙwayoyin kuma ta niƙe su a cikin kunun gyaɗa. Mama ta ɗanɗana ta ce wannan man ya sake. Rhoda ta ce sabon kwali ne, kamfanin ya canza haɗi. Ba ta saba ƙarya ba, sai da ta juya baya tana ninke zane sannan ta iya faɗa.

Ƙaro ba ya riƙo kamar na kamfani. Kafin la'asar haƙoran sun saki. Mama Dinatu ta bar cin nama, ta koma magana da haɓa a ɗaure, ta rinƙa sauke haushinta a kan wadda ke kusa. Ta ce Rhoda rowar mai take yi mata. Ta ce hannunta ba shi da albarka. Ta ce boko bai ƙara mata komai ba sai tsayin baki, kuma da mace ce ta gari da yanzu tana ɗakin miji. Rhoda ta rinƙa jin wannan tana tsugune tana yanke mata farcen ƙafa. Ba ta yi kuka a gabanta ba ko sau ɗaya. A cikin bas take karatu, littafi a gwiwa, ana matse ta ta kowane gefe, wani lokaci sai an zo Kwangila, dab da gida, ta farka ta ga shafin da ta buɗe tun Samaru.

Mutumin Legas bai zo ba. Aka ce bayan damina, aka ce bayan Kirsimeti. Buhun bayan ƙofa ya cika aka sake wani. Rhoda dai hannuwan take kallo. Ta ga uwar tana tsince tsakuwa daga shinkafa. Ta ga ta ɗaura ɗankwali da kanta. Sebastian ma yana kallo, amma da wata fuskar. Da yamma in ya dawo daga kasuwa yakan zaro allura daga kwalar rigarsa, ya kama yatsun uwar yana tsikara yana tambaya ko tana ji, kamar yadda aka ba shi labarin likita ta yi. In ta janye hannu ta ce da zafi, sai ya ɓata rai, ya ce da Rhoda ta ƙara yawan man, kada mutumin ya zo ya ga kamar wasa ake yi.

Da makon Zumuntar Mata ya zo, matan suka aiko cewa ko a keke ne sai Maman Brian ta ba da waƙar rufewa. Ta sa aka fito mata da anko, ta ce da Rhoda yau ta shafa man da kyau. Rhoda ta shafa iyakar abin da ƙaro zai iya. A coci mata huɗu suka ɗaga keken suka hau da shi gaba, aka ɗora mata tulu a cinya. Ta buga, sautin ya cika ɗakin kamar da. Mata suka yi guɗa, suka tashi suna rangaji. Ta ba da baiti na farko suka amsa, ta ba da na biyu. A na uku ta ɗaga kai ta ja murya sama, sai haƙoran sama suka saki. Suka bugi bakin tulun, suka faɗi ƙasa, suka gangara har gaban benci na farko suka tsaya, wushiryar tana kallon jama'a.

Waƙar ta mutu a hankali, daga gaba zuwa baya. Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Wata tsohuwa daga cikin waɗanda suka daɗe suna ba da shaidar abin al'ajabin motar nan ta ce, a'a, ashe haka ne. Mama Dinatu ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Rhoda ta tashi daga inda take, ta bi tsakiyar cocin kanta a sama, ta ɗauki haƙoran ta sa a jaka, ta juya keken ta tura uwarta waje. Ta san aikin hannunta ne. A hanya mayafin yana ta rawa, ita kuma tana kauce wa ramuka. Tun daga ranar Mama Dinatu ba ta sake yarda an kai ta coci ba, in matan sun zo gaisuwa sai ta ce a ce barci take.

Sai bayan wannan mutumin Legas ya iso, wani siriri da 'yar kula ta ƙanƙara. Ya ɗebi jinin, ya sha ruwa, ya tafi. Sebastian ya fara yi wa abokansa zancen irin motar da ta dace da hanyar unguwarsu ta Jushi. Mama Dinatu ta sa aka ciro mata takalmanta na fita daga ƙarƙashin akwati aka goge.

Amsar ta zo ta bakin Brian, ta waya, wata Lahadi da rana. Lauyoyin sun ce ba za su ɗauki maganar ba. Ya ambaci wani abu game da cewa ba a ƙasarsu take zaune ba, amma babu wanda ya tsaya a kan wannan, domin ya kuma ce jinin ya fito kusan lafiya lau. Aka kira Barista Amaechi ya zo da gumi. Ya ce shi ya yi nasa, amma akwai wanda ya yi wasa da shaida a gidan nan. Sebastian ya juya kan uwar ya ce ta faɗi gaskiya, tofarwa take yi ko. Mama Dinatu ta rantse da Littafi Mai Tsarki ba ta taɓa tsallake rana ba, tana kallon wannan tana kallon wancan.

Rhoda ta shiga ɗaki ta fito da 'yar kwalbar ta ajiye a tsakiyar tebur.

"Ƙaro ne. Shi take sawa tun bayan ranar bidiyo. Ƙwayoyin kuma a kunu take sha. Kwalayen man da ke ƙarƙashin gado ma ku duba, babu ko ɗigo, duk suna masai."

Sebastian ya zare bel ya yi kanta. Uwar ta ce ya tsaya, ba shi ya haife ta ba. Ta ce da Rhoda ta zo ta durƙusa. Rhoda ta zo har gaban keken, amma ba ta durƙusa ba, ta dai sunkuyo kamar yadda take yi in za ta ɗaga ta.

"Ke kika zubar mini da haƙora a gaban mata?"

"Ni ce, Mama."

"Ke kika hana a kai ni a gyara mini ƙafa?"

"Babu mai gyara su, Mama. Ko an kai ki."

Marin ya sauka a kuncinta na hagu, sai da ta ga wuta. Kafin ta ɗago na biyu ya same ta ta ɗaya gefen, da ɗaya hannun. Sannan yatsun suka kama kunnenta suka murɗa, suka riƙe gam, suka jawo fuskarta har tana jin ƙamshin na'ana'a daga bakin uwar. Mama Dinatu ta ce ta yi nadamar nonon da ta ba ta. Ta ce tun tana ƙarama ta san ba za ta ga alheri a wurinta ba, yarinyar da take ganin ta fi kowa sani. Ta ce ta fita mata daga gida, kuma ranar da ta mutu kada a bar ta ta taɓa gawar. Barista ya ɗauki jakarsa ya sulale. Matar Sebastian tana bakin ƙofa da hannu a ƙirji, ta fara gane wadda fo zai koma wa.

Rhoda ba ta ba da haƙuri ba. Ta shiga ɗaki tana haɗa littattafanta. Uwar ta turo keken da kanta har bakin gado, ta shimfiɗa zane a cinya, ta rinƙa fizgo rigunan Rhoda daga igiya tana cusawa, ta haɗa bakin zanen huɗu ta ɗaure, ta sake ɗaurewa, ta wurga ƙullin tsakar gida. Rhoda ta ɗauka. A bakin ƙofa ta tsaya ta gaya wa matar yayanta yadda ake juya Mama don kada bayanta ya yi gyambo, da inda sauran ƙwayoyin suke, da ranar komawa asibiti. Sebastian ya ce Farfesa ta tafi da laccarta. Ta gama maganarta tukuna, sannan ta fita.

A tasha ta samu bas ɗin Samaru saura mutum ɗaya. Ta zauna a baya ta ɗora ƙullin a gwiwa. Fuskarta ta riga ta tashi, kunnen yana zugi. Wata dattijuwa mai kwandon tumatir da ke gefenta ta yi ta satar kallonta, har dai ta kasa daurewa ta tambaya ko miji ne. Rhoda ta ce a'a, mamarta ce.

"Ikon Allah," in ji matar. "Lallai tsohuwar nan hannunta da nauyi."

Rhoda ta taɓa kuncin hagu, ta taɓa na dama.

"Duka biyun," ta ce.